ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: BATUN RUMBUN KALLO NA GIDA

Duk wanda ya tashi a karkara, ko kuwa ya taɓa zuwa gaida dangi bayan kaka, ya san irin bambancin da ke tsakanin magidancin da ke da rumbu a bayan ɗakinsa da wanda kullum sai ya aiki yaro da kwano wurin mai awo. Shi na farko ya san abin da ya zuba, ya san ranar da zai buɗe, kuma makulli na aljihunsa. Na biyu kuwa cikin iyalinsa a hannun wani yake. In mai awo ya ƙara kuɗi ya biya, in ya ce yau babu dawa sai masara ya karɓa, in kuma ya ga dama ya kulle shago to ranar sai haƙuri. To, abin da aka sani game da abincin ciki shi ne yake faruwa a yau ga abin da ido ke kallo, sai dai mutane ba su farga ba, domin ita wannan yunwar ba ta sa ciki kuka.

Maganar da ake son 'yan'uwa matasa su tsaya su yi wa nazari ita ce: ya kamata duk wanda Allah Ya hore wa ɗan ilimin kwamfuta, kuma yake da tarin fina-finai da bidiyoyin da ya mallaka ta hanyar halal, ya tattara su wuri guda a kan na'ura ɗaya a cikin gidansa, wadda za ta riƙa aika su zuwa talabijin da wayoyin mutanen gida ba tare da an nemi iznin wani kamfani ba. Masana kwamfuta na kiran irin wannan na'ura saba, wasu su ce uwar garke. Amma sunan da ya fi dacewa da aikinta shi ne rumbun kallo na gida.

YADDA AKA RABA MUTANE DA ABIN HANNUNSU

A shekarar 1990 ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin harkar fina-finan Hausa ta bidiyo. Daga lokacin har zuwa zamanin faifan VCD da na DVD, dokar ciniki a fili take: mutum ya je Ƙofar Wambai ko Bata ya miƙa kuɗinsa, a miƙo masa kaya. In ya so ya kalla sau ɗari, in ya so ya ara wa maƙwabci, in ya so ya bar wa 'ya'yansa gado. Babu wani mai shago da ya taɓa haurowa gidan mutum da tsakar dare ya ce ya zo karɓar kaset ɗin da ya sayar bara.

Amma abin da mai shagon Ƙofar Wambai zai ji kunyar yi, manyan kamfanonin jari-hujja sun mai da shi sana'a. A shekarar 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle da ke hannun mutane ya goge littattafan da suka riga suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu ba tare da ya tambaye su ko suna son mayarwar ba. Abin mamaki, cikin littattafan har da 1984 na George Orwell, littafin da ke magana a kan hukumar da ke sa ido a kan kowa tana goge abin da ba ta so. A ƙarshen watan Agustan 2022 kamfanin Sony ya cire ɗaruruwan fina-finan StudioCanal daga ma'ajiyar mutanen da suka saye su ta PlayStation a Jamus da Ostiriya. A Disambar 2023 ya sake sanar da cewa zai cire shirye-shiryen Discovery sama da dubu daga hannun waɗanda suka biya kuɗinsu, bai janye ba sai da jama'a suka yi ca, aka sabunta yarjejeniya. Al'amarin ya yi ƙamari har jihar Kaliforniya ta Amurka ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a farkon 2025, tana hana kamfani rubuta kalmar saye a kan irin waɗannan kayayyaki ba tare da ya bayyana wa mai biya ƙarara cewa iznin amfani kawai ya samu ba. Wato su da kansu sun tabbatar cewa abin da ake kira ciniki ɗin nan aro ne aka sa masa rigar saye.

Wannan fa ga wanda aka ce ya saya ke nan. Shi kuwa mai biyan kuɗin wata-wata ko maganarsa ba a yi, domin ɗan haya ne da za a iya canza masa kayan ɗaki yana barci. A watan Mayun 2023 Disney ya sauke gomman fina-finai da shirye-shirye daga dandalinsa don rage kashe kuɗi, cikinsu har da waɗanda shi ya shirya da kansa, waɗanda kuma ba a taɓa buga su a faifai ba. A watan Oktobar 2024 fina-finan Falasɗinawa da dama suka ɓace daga Netflix. Kamfanin ya ce wa'adin lasisin shekara uku ne ya ƙare, masu suka kuma suka ce da ya so da ya sabunta. Ko ma wanne ne gaskiya, abu ɗaya bai canza ba: ba a shawarci mai kallo ba, kuma ba shi da inda zai kai ƙara.

KUƊIN DA BA YA ƘAREWA

Sannan ga maganar aljihu. Netflix ya shigo Nijeriya a watan Janairun 2016. Cikin shekarar 2024 kaɗai sau biyu yana ƙara kuɗi, ya kuma sake ƙarawa a 2025. A watan Janairun 2025 ɗin ne kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ke nan mai kallo ta intanet sau biyu yake biya: ya biya mai fim, ya biya mai hanya. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa awa guda ta kallo na iya cin gigabait 1 a hoto mai matsakaicin kyau, gigabait 3 a hoto mai kyau sosai. To ɗan'uwa ya yi lissafi da kansa. Yaro ƙarami in ya ƙallafa rai a kan shiri ɗaya sai ya kalle shi sau ashirin bai gaji ba. In shirin na awa guda ne, an ƙone gigabait 20 ke nan a kan abu ɗaya tak, alhali da yana ajiye a rumbun gida da ko sau dubu aka kalla ba a taɓa data ko ƙwaya ɗaya ba, domin hoton daga ɗaki yake tashi ya shiga ɗaki, bai leƙa waje ba.

Kuma ita hanyar da ake dogaro da ita wane tabbas gare ta? A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari cikin tangarɗa, har bankuna suka shiga halin ni-'yasu. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni da watanni babu sabis. Duk wanda karatunsa da darussansa na bidiyo ke rataye a intanet a waɗancan kwanaki, ya san ma'anar zanen aro.

WA KE ZAƁA WA YARA ABIN KALLO?

Duk waɗannan ma masu sauƙi ne a kan babbar matsalar. Asarar kuɗi ana mayar da ita, amma asarar tarbiyya fa? A shekarar 2018 wani babban jami'in YouTube ya bayyana cewa sama da kashi 70 cikin ɗari na lokacin da mutane ke ɓatawa a dandalin, suna kallon abin da na'urar kamfanin ta zaɓo musu ne, ba abin da suka shiga nema ba. Ita kuwa wannan na'ura ba ta san kunya ba, ba ta san shekarun yaro ba, ba ta san an kira salla ba. Abu ɗaya aka koya mata, shi ne kada ta bar ido ya ɗauke. Shi ya sa bidiyo na ƙarewa wani ke tashi da kansa tun kafin hannu ya kai ga rimot. Shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, bai ɓoye ba a 2017 da ya nuna cewa babban abokin takararsu shi ne barci. Wanda ya ɗauki barcin mutum a matsayin kishiya, yaya zai ɗauki asubarsa?

Uwa ta miƙa wa yaro waya don ya yi shiru ta ƙarasa girki, an fara da waƙar haruffa, kafin ta sauke tukunya an kai shi inda ita kanta ba za ta iya kallo a gaban mijinta ba. Ba yaron ne ya nema ba, kai shi aka yi. Sannan yayin da yake kallo shi ma kallonsa ake yi. A 2019 hukumomin Amurka sun ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 bisa zargin tattara bayanan ƙananan yara ba da iznin iyayensu ba. Kafin nan, a 2017, kamfanin talabijin na Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda an gano talabijin miliyan 11 da ya sayar suna tattara bayanin abin da masu su ke kallo suna aika masa a ɓoye. Magidancin da ba zai yarda baƙo ya wuce zaure ba, ga shi ya ajiye ɗan leƙen asiri a tsakar ɗakinsa da kuɗinsa.

Shi rumbun gida ba ya nuna abin da ba a zuba masa ba. In fim talatin aka sa, talatin ɗin ne, in an gama su an gama. Babu talla, babu wani baƙon bidiyo da zai faɗo daga sama. Wannan iyakar ita ce babbar fa'idarsa, ko da yake masu son kallo ba ƙaƙƙautawa za su ɗauke ta a matsayin aibi.

YADDA RUMBUN YAKE AIKI

Kada ɗan'uwa ya ji an ce saba ya zaci wani ɗaki ne mai sanyi cike da injuna irin na banki. Abu huɗu ne kawai ake bukata. Na farko kwamfuta, kuma tsohuwar laftof da aka jingine don allonta ya tsage ko madannanta sun mutu ta wadatar. Akwai kuma ƙananan kwamfutoci masu girman tafin hannu irin su Raspberry Pi. Na biyu faifan ajiya. In aka matse fim ya koma kimanin gigabait 1, wanda ya isa a kalle shi tas a waya da matsakaiciyar talabijin, faifai mai terabait 1 zai ɗauki kusan fim dubu. Na uku rauta, wato 'yar na'urar da ke watsa waifai a cikin gida. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton waifai da intanet abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Rauta na iya haɗa wayoyi da kwamfutocin gida su riƙa magana da juna ko da babu layi a cikinta, babu data ko ta sisin kwabo. Na huɗu ita ce manhajar da za ta tsara kayan, ta jera su da sunayensu da hotunansu, ta tuna inda kowa ya tsaya, ta aika wa duk wanda ya nema.

In an haɗa waɗannan, sai a zuba fina-finan cikin jakunkuna daban-daban: na yara, na tarihi, na darussa, na bukukuwan iyali. A rubuta wa kowanne sunansa da shekararsa, domin da su manhajar ke gane shi. Fina-finan ƙasashen waje takan samo bayanansu da kanta in an ɗan haɗa ta da intanet sau ɗaya, amma na Hausa da yawansu ba su cikin kundayen da take dubawa, sai mai rumbu ya zauna ya rubuta da hannunsa. Aiki ne, amma aikin sau ɗaya ne.

Akwai wani sirri da zai hutar da mai tsohuwar kwamfuta. In zubin bidiyon ya dace da na'urar da ke kallo, saba ba ta yin komai illa miƙawa, kamar mai miƙa kwano ta taga, kuma ko raunanniyar kwamfuta za ta iya ciyar da waya uku ko huɗu a lokaci guda. In kuwa bai dace ba, dole ta riƙa juya shi zuwa wani zubi nan take ana cikin kallo, a nan ne za ta ɗau zafi, fanka ta yi ta kuka, hoto ya riƙa tsayawa. Maganin abin shi ne tun farko a mayar da kayan zubin H.264 cikin fayil na MP4, wanda kusan kowace waya da talabijin ke karantawa. Manhajar HandBrake na yin wannan aiki, kuma kyauta ce.

A KULA DA WANDA ZA A BA MAKULLI

Manhajojin da suka yi suna a wannan fage su ne Plex da Emby da Jellyfin, kuma tarihinsu kaɗai darasi ne. Plex ya fi sauƙin kafawa, ya fi ƙyalli, amma na kamfani ne, kuma sai mutum ya buɗe asusu a wurinsu kafin ya shiga kayan da ke cikin ɗakinsa. In intanet ta yanke yakan ba da wahala sai in an riga an yi masa wani saiti na musamman. A 2022 ɓarayin intanet sun kutsa cikin bayanan masu amfani da shi har aka umarci kowa ya canza kalmar sirri, aka kuma maimaita a 2025. A ƙarshen 2023 ya fito da wani tsari da ya riƙa aika wa abokan mutum saƙon abin da ya kalla a mako, mutane da dama suka ga asirinsu a hannun dangi ba su san sun yarda da haka ba. Sannan daga ƙarshen Afrilun 2025 ya ɗaga kuɗin rajistar dindindin daga kusan dala 120 zuwa kusan dala 250, ya kuma sa kuɗi a kan kallon da mutum zai yi daga wajen gida, abin da a da kyauta ne. Fim na mutum, kwamfuta tasa, wuta tasa, data tasa, amma sai ya biya wani kafin ya kalla daga nesa!

Emby ma da farko a buɗe yake, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. A Disambar 2018 masu shi suka rufe. A wannan watan ne wasu 'yan sa-kai suka ɗauki buɗaɗɗen tushen da ya rage suka ci gaba da gina shi da sunan Jellyfin. Shi wannan kyauta ne, ba shi da kuɗin wata, ba ya neman asusu a wani wuri, sunaye da kalmomin sirri duk a kan kwamfutar gida suke zaune. Ana shigarsa ta manhajarsa ta waya ko ta talabijin, ko kuma a rubuta adireshin kwamfutar a burauza a ƙara lamba 8096. Maigida na iya buɗe wa kowane yaro sunansa, ya ƙayyade jakar da zai gani, ya sa masa sa'o'in da zai iya shiga, in lokaci ya cika ƙofa ta rufe da kanta. Gaskiya ne bai kai Plex santsi ba, kuma in ya sami matsala babu ofishin da za a buga wa waya, sai dai a yi bincike a tambayi waɗanda suka riga. Amma wanda ya gudu daga hannun mai awo bai kamata ya gina rumbu ya miƙa wa wani mai awon makulli ba.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Wani zai ce, ina wutar? Tambaya ce mai kyau, amma lissafi ya amsa ta. Tsohuwar laftof da aka kashe allonta takan ci tsakanin wat 10 zuwa 20, wato ƙasa da fankar sama nesa ba kusa ba. In aka ɗauka wat 15 ne, ko da kwana take yi tana aiki ba za ta wuce kilowat-awa 11 a wata ba. Kuma wa ya ce sai ta kwana a kunne? A kunna ta bayan la'asar a kashe bayan isha'i. Laftof ma ta fi sauran dacewa da ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, domin batirinta na riƙe ta, sai dai a riƙa duba shi, in ya fara kumbura a cire shi tun bai jawo gobara ba. Ƙaramin faifan sola da batiri ɗaya sun isa su riƙe ta da rautar tare. A ɗora ta inda iska ke shiga, a riƙa kakkaɓe mata ƙurar hunturu, domin zafi da ƙura su ne ajalin faifan ajiya.

Wani kuma zai ce, in faifan ya mutu fa? Ai zai mutu, babu faifan da ba ya mutuwa, sai dai ba a san ranar ba. Shi ya sa masana suka daɗe da shimfiɗa ƙa'ida: duk abin da ake jin zafin rasa shi a yi masa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a ajiye shi a wani gida daban. Fim ɗin da ake samu a kasuwa in ya ɓace a sake saye. Amma bidiyon walimar saukar ƙane, ko muryar kakan da ya riga mu gidan gaskiya, in suka tafi sun tafi ke nan.

Sai kuma masu son buɗe rumbun ga intanet don su riƙa kallo daga makaranta ko wurin aiki. A nan a yi hattara. A 2022 an yi wa kamfanin LastPass, mai ajiye wa miliyoyin mutane kalmomin sirri, mummunar sata, kuma ta kwamfutar gidan wani babban injiniyansu aka shiga, saboda yana amfani da tsohon Plex mai ɓaraka, ɓarakar da aka riga aka toshe tun 2020 amma bai sabunta ba. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Wanda bai ƙware ba ya bar rumbunsa iya gida. Wanda kuma ya zama dole ya shiga daga nesa, ya bi ta rufaffiyar hanya irin ta WireGuard ko Tailscale, ya riƙa sabunta manhajarsa a kan kari.

ABIN DA ZA A ZUBA A CIKI

Yanzu an zo inda gizo ke saƙa. Rumbu ba ya tsarkake abin da aka zuba masa. Wanda ya cika shi da hatsin sata ɓarawo ne mai rumbu, ba wani abu ba. Kowa ya ga yadda satar fasaha da shagunan tura fina-finai a memori suka durƙusar da kasuwar faifai a Kano, har masu shirya fim suka koma dogaro da YouTube da tashoshin talabijin. A bayan kowane fim akwai mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da direba da mai dafa wa ma'aikata abinci, kowannensu da iyali. Cin guminsu ba ya zama halal don kawai an yi shi da kebul maimakon tsani. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta taɓo yaɗa kayan mutane ta intanet da kuma karya makullan da masu haƙƙi ke sa wa kayansu. Amma mai tsoron Allah ba ya jiran sai doka ta kama shi. Abin da ya saya, da abin da mai shi ya ba da izni, da abin da aka saki kyauta don amfanin jama'a, da abin da shi ya ɗauka da kyamararsa, waɗannan sun isa su cika faifai. Kuma rumbu na gida ne, ba gidan kallo ba ne da za a raba wa unguwa kalmar sirri ana karɓar kuɗi.

Haka nan wanda ya tara ƙazanta a cikinsa ya kulle da kalmar sirri, ya sani bai tsere wa komai ba, ya dai gina wa shaiɗan ɗaki ne a gidansa, kuma yaran yanzu sun fi iyayensu sanin hanyar buɗe ƙofa. Akwai kuma cutar tarawa, inda matashi zai wayi gari yana alfahari da terabait takwas na abin da ko shekara goma zai yi a zaune ba zai gama kallo ba, ya bar karatu, ya bar sana'a. Wanda ya tsere wa kamfanin da ke cinye masa dare, sannan ya zo ya cinye daren da hannunsa, me ya canza? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya cancanci wuri a rumbu yana da yawa ga mai hankali. Akwai fina-finan tarihi irin su Ar-Risala na 1976 da na gwagwarmayar Umar Mukhtar da 'yan mulkin mallakar Italiya, waɗanda Mustafa Akkad ya shirya. Akwai darussan lissafi da kimiyya da gyaran waya da haɗa sola. Akwai karatuttukan malamai da aka ɗauka tun zamanin kaset, waɗanda ke jibge cikin kwalaye a ƙarƙashin gado, zafi da danshi na cin su a hankali. A tuna cewa kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kallon kaset, ya daina tun 2016. Duk shekarar da ta wuce, na'urorin da suka rage raguwa suke yi, kuma ranar da ta ƙarshe ta mutu a gari, kaset ya zama bulo.

Kada a zaci wani zai zo ya adana wa jama'a tarihinsu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya shafe shekaru ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce, sai da aka tono shi cikin tsofaffin gwangwanayen Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya a Balin ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. In fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, ina ga kaset ɗin wa'azin malamin unguwa?

Saboda haka kira ga 'yan'uwa matasa, musamman waɗanda suka yi karatun kwamfuta da masu gyaran waya a kasuwanni: ilimin nan amana ne, kuma ga inda za a sauke ta. Kowa ya fara da gidansu. Ya nemi tsohuwar laftof, ya tattaro faifai da kaset ɗin da ke warwatse, ya zauna da mahaifi ko yayansa su tantance abin da ya dace ƙanne su gani. In ya iya, ya koya wa na kusa da shi, ya taimaka wa makarantar Islamiyyar unguwa ta kafa nata don darussa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙanen da aka bari na'urar wani kamfani ta rene shi yau, gobe ba zai saurari kowa ba. Ranar da za a tambayi kowane mai gida game da abin da ya shigo ɗakinsa, ba za a karɓi uzurin cewa kamfani ne ya zaɓa ba.

Allah Ya sa kunne ya ji, jiki ya tsira. Wassalam.